Harshe Tsakanin Kalma da Murya: Samuwar Wasali a Bakin Mawaƙi

Lokacin da nake aji uku na kwaleji, an haɗa mu wajen mu talatin domin mu rera waƙa a bukin ƙarshen shekara. Malamin da ya horar da mu yana da doka guda wadda ba ya gajiya da maimaitawa: a wage baki, a shimfiɗa harshe a ƙasa kamar tabarma, kada ya motsa. Mun bi dokar iyakar ƙoƙarinmu, muryoyinmu kuwa suka kai har bayan fili. Bayan an watse, gwaggota da ta zo kallo ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, da wane yare kuka yi waƙar?" Da Hausa muka yi ta. Kalmar "ilimi", wadda ta yi ta dawowa a cikin amshi, ta riƙa isa kunnenta ne a matsayin wani abu tsakanin "ilimi" da "alama".

Sai bayan shekaru, a darasin ilimin furuci, na gane cewa malamin bai yi kuskure ba game da ƙarfin murya, gwaggo kuma ba kurma ba ce. Tsokar nan ta cikin baki tana yi wa iyayengiji biyu aiki a lokaci ɗaya. Kalma tana so ta tsaya wuri kaza domin wasali ya fito da kamanninsa, murya kuma tana so ta kauce domin amo ya sami hanya. A magana ta yau da kullum da wuya buƙatun biyu su ci karo. A waƙa suna cin karo, kuma inda suke haɗuwa ya shafi Hausa fiye da yadda ya shafi harsuna da yawa. Tun da kalmar "harshe" tana ɗauke da ma'ana biyu a wurinmu, a wannan rubutu tsokar baki nake nufi da ita. Inda nake nufin ɗaya ma'anar zan ambaci sunan yaren.

Mafarin amo da mazubinsa

Iskar da ta taso daga huhu tana ratsa tantanin maƙwallato guda biyu, su riƙa buɗewa suna rufewa da sauri. Yawan kaɗawarsu a cikin sakan guda shi ne tsayin murya, ana auna shi da ma'aunin Hz. Namiji baligi yakan yi magana a wajen 120, mace a wajen 220. Amon da ke fitowa daga nan ba tilo ba ne, uwa ce da ƴaƴanta. Idan uwar amo tana kan 110, ƴaƴan suna kan 220 da 330 da 440, haka har sama, kowanne ya fi na ƙarƙashinsa rauni. Wannan amo na maƙwallato ba shi da wasali ko kaɗan. Da za a iya jin sa shi kaɗai, da ya yi kama da zizar ƙudan zuma.

Wasali yana samuwa ne a sama, cikin bututun da ya fara daga maƙwallato, ya bi ta maƙogwaro da kogon baki, ya ƙare a leɓɓa. Duk wanda ya taɓa tara tulu a bakin famfo ya san amon tulun yana ta sirancewa yayin da ruwa ke hawa, har mai ɗiba ta san ya kusa cika ba tare da ta leƙa ba. Iskar da ke cikin kowane mazubi tana da amon da take amsawa, gwargwadon girman mazubin da siffarsa. Bututun murya yana da irin waɗannan wuraren amsawa da dama, kuma duk ɗan amon da ya faɗo kusa da ɗayansu sai ya ƙarfafa, wanda ya faɗo nesa ya dushe. Su ne ake kira forman, ana lissafa su daga ƙasa: F1, F2, F3. Bututu mai tsawon santimita 17.5 wanda faɗinsa bai canza ba daga farko har ƙarshe yana amsawa a 500 da 1500 da 2500. Gunnar Fant, masanin ƙasar Suwidin, shi ya shimfiɗa lissafin wannan ra'i a littafinsa na 1960, kuma har yau a kansa ake gini.

Makaɗin gurmi yana canza amo da yatsunsa a kan tsirkiya, amma ƙwaryar gurmin yadda aka fafe ta haka za ta tsufa. Mawaƙi kuwa ƙwaryarsa tana sake siffa a kowace gaɓa, harshe ne kuma babban mai sake ta. Misalin da ya fi kusa shi ne bambaro. Ƙarfen bambaro amo guda yake bayarwa, ba ya hawa ba ya sauka, amma mai kaɗa shi yana fitar da kari mai daɗi ta hanyar motsa harshe da kumatu kawai, yana zaɓen ɗan amon da zai ƙarfafa. Mawaƙan Tuba, a kudancin Sibiriya kusa da Mongoliya, da maƙwallatonsu suke yin abin da muke yi da bambaro: su riƙe uwar amo wuri ɗaya, su matsa harshe kusa da ganɗa har wani ɗan amo ya fito shi kaɗai kamar fito, mai sauraro ya ji kamar mutum biyu ke waƙa.

Inda harshe yake tsayawa

Jadawalin wasula da muka haddace tun shekarar farko, mai sama da tsakiya da ƙasa, gaba da tsaka-tsaki da ƙurya, ya samo asali daga Alexander Melville Bell a 1867. Daniel Jones ya gyara shi, ya kafa wasulan ma'auni, har ya sa aka ɗauki hoton cikin bakinsa da na'urar hoton ƙashi a 1917. A kan wannan jadawali /i/ wasalin sama ne na gaba, /u/ na sama na ƙurya mai kewayayyun leɓɓa, /a/ na ƙasa, /e/ da /o/ kuma na tsakiya.

Da aka sami na'urorin auna amo sai aka ga jadawalin ya dace da forman biyu na farko. F1 yana hawa idan harshe ya sauka, muƙamuƙi ya buɗe. F2 yana hawa idan harshe ya matso gaba, yana sauka idan ya ja baya ko leɓɓa suka kewaye. Peterson da Barney sun auna muryoyin Amurkawa 76 a 1952. A bakin maza sun sami /i/ da F1 270 da F2 2290, /u/ da 300 da 870, wasalin ƙasa na ƙurya kuma da 730 da 1090. A bakin mata, waɗanda bututunsu ya fi gajarta, F1 na /i/ 310 ne, na /u/ 370, na wasalin ƙasa 850. Alƙaluman na Ingilishin Amurka ne, kada a ɗora su kan Hausa kai tsaye, amma tsarin nasu ya game harsuna: /i/ da /u/ suna da F1 mafi ƙanƙanta, /a/ mafi girma. A riƙe wannan, domin a kansa sauran bayanin ya rataya.

Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da gwaji a hannu. A furta wasalin kalmar "vie", a riƙe shi, a kewaye leɓɓa ba tare da an motsa harshe ba. Abin da zai fito shi ne wasalin "vu". Harshe yana nan inda yake, leɓɓa ne suka tsawaita bututun suka saukar da forman. Wannan yana nuna cewa harshe ba shi kaɗai ke mulki ba. Muƙamuƙi da leɓɓa da hawan maƙwallato ko saukarsa duk suna da hannu, kuma ana iya kaiwa ga amo kusan iri ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Peter Ladefoged ya sha nanata cewa abin da masana suka daɗe suna kira "tsayin harshe" ya fi dacewa da abin da kunne ke ji, wato F1, fiye da ainihin inda tsokar take. Wannan sassauci shi ne dukiyar mawaƙi. Yana iya buɗe muƙamuƙi fiye da yadda mai magana zai yi, ya rama da ɗaga gaban harshe, /i/ ya tsira.

Akwai wata sifa ta harshe da jadawalin ba ya nunawa. Tsoka ce zalla, ba ƙashi a cikinta, kuma girmanta ba ya raguwa ba ya ƙaruwa. Kamar salka ce cike da ruwa, in an danna nan sai can ya kumbura. A wurin /i/, jikin harshe yana tattaruwa gaba ya tashi zuwa ganɗa, saboda haka maƙogwaro yakan buɗe sosai ta baya. A wurin /a/, baki ne a buɗe, amma tsokar da ta sauka ta koma baya ta ƙuntata maƙogwaro. Ke nan wasalin da muke ganin ya fi kowanne "buɗewa" shi ne mai matsattsen maƙogwaro, wanda muke ganin ya fi rufewa kuma shi ne mai yalwataccen maƙogwaro. Da malaminmu na kwaleji ya ce a shimfiɗa harshe, abu biyu ya jawo ba da niyya ba. Ya hana /i/ da /e/ tudun da suke buƙata a gaba, ya kuma tura tsokar zuwa cikin maƙogwaro inda ba mai ganinta.

Idan murya ta hau

Namiji mai rerawa a kan 110 yana da ƴaƴan amo sama da ashirin kafin a kai 2500. Duk inda forman ya tsaya akwai ɗan amo kusa da shi da zai bayyana shi, don haka wasulansa suna fita tangaran. Mace mai rerawa a kan 880 ba ta da komi ƙasa da 880, na gaba kuma sai 1760, sai 2640. Kamar a ce a zana fuskar mutum da ɗigo uku ne. Bugu da ƙari, F1 na /i/ ɗinta yana wajen 310, uwar amo ta wuce shi da nisa, ba abin da zai amsa a wurin. In ta dage sai ta riƙe siffar bakin da take furta /i/ da ita a magana, murya za ta fito siririya marar ƙarfi, ita kuma ta ji tana kokawa da wuyanta.

Johan Sundberg na Stockholm ya nuna tun shekarun 1970 abin da ƙwararrun mawaƙan opera mata suke yi: suna ƙara buɗe muƙamuƙi yayin da murya ke hawa, domin F1 ya bi uwar amo ya tallafe ta. A 2004 Joliveau da Smith da Wolfe na birnin Sidni sun auna amsawar bututun kai tsaye, suka tabbatar da haka a mujallar Nature. Ribar ita ce ƙarfi ba tare da wahala ba. Asarar kuwa, tun da F1 ne ke raba wasalin sama da na ƙasa, duk wasulan sai su gangara wajen /a/. A can ƙololuwa, wajen 1047, mai sauraro ba ya iya rarrabe su, ko da yarensa ne ake rerawa. Makarantun waƙa na Turai ba su ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Darasi ne da ake koyarwa da gangan, a karkata wasali kaɗan-kaɗan tun kafin a kai wurin da zai karye.

Maza mawaƙan opera suna da tasu dabara. Suna saukar da maƙwallato su faɗaɗa ƙasan maƙogwaro, sai F3 da F4 da F5 su taru wuri ɗaya a wajen 2500 zuwa 3000, inda kunnen mutum ya fi ji, inda kuma tarin kayan kiɗan ba su da ƙarfi sosai. Da haka mutum ɗaya ke ratsa makaɗa masu yawa ba tare da lasifika ba. Saukar maƙwallato tana tsawaita bututu, wasulan su yi duhu, shi ya sa kunnen Bahaushe kan ji kamar mutumin yana waƙa da tuwo a baki. Ba rashin iyawa ba ne. Murya ce da aka gina domin wani ɗaki da wasu kayan kiɗa, ga kuma masu sauraro da galibi sun san labarin tun kafin su zauna.

Abin da Hausa ba ta yafewa

Mai sauraron waƙar Hausa kalma yake bi. Wanda ya zauna jin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, ko Narambaɗa, ko Shata, yana jiran kirari da zambo da habaici ne, in kalma guda ta kuɓuce masa ya yi asara. A iya saurarena, shi ya sa manyan mawaƙan fada da na jama'a suke ajiye murya kusa da inda ake magana da ƙarfi, baki a gaba, wasali a fili. Duk da haka ba su tsira daga dokar amo ba. Namiji da ya hau zuwa 300 ko 350 ya riga ya taka F1 na /i/ da /u/. Zabiya da ke rerawa tsakanin 400 da 600 ta wuce su gaba ɗaya, ta fara taɓa na /e/ da /o/. Wasalin /a/ kaɗai ke zaune lafiya.

Yanzu a duba inda mawaƙi ya fi jan murya: gaɓar ƙarshe ta layi. Nan ne amsa-amo yake, nan ne kuma Hausa ta ajiye nahawunta. Azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960 da wasalin ƙarshe da karin sauti ake rarrabe su. "Ya fita" da "ya fito" sun saɓa wa juna a alkibla. "Ya sayi", "ya saye", "ya sayo", "ya sayu" maganganu huɗu ne. "Ta dafa" aiki ne, "ta dafu" sakamako ne. Karin sauti, wanda zai iya taimakawa, shi ma yana cikin ciniki da karin waƙar, wani lokaci ya rinjaya, wani lokaci a danne shi. Idan mawaƙi ya bi shawarar makarantar opera ya bar /o/ ya gangara zuwa /a/ a kan dogon amo, sarkin da ya fito ya zama sarkin da ya fita. Mai rera Italiyanci ma yana da nahawu a wasalin ƙarshe, amma al'adar sauraronsa ta yafe masa. Ta fada ba ta yafewa.

Sai batun tsawo. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, ga tagwaye /ai/ da /au/. Rubutunmu na yau ba ya nuna tsawo, ko da yake tsofaffin jaridun yaƙi da jahilci na ƙasarmu suna nuna shi, kamar yadda sunan Gangaa ya shaida. Gari da gaari, fasa da faasa, dafa da daafa, tsawo ne ke raba su. To, waƙa ita ke rabon lokaci, ta ba wannan gaɓa kaɗan ta ba waccan da yawa. Yaya bambancin ke rayuwa? Amsa ta farko ita ce mawaƙin kirki ba ya bari a kai ga rikicin. Karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa aka gina shi, mai nauyi ta sami babban rabo, marar nauyi ta sami ƙarami. Russell Schuh ya shafe shekaru yana nazarin wannan, kuma maƙalarsa da Bruce Hayes a kan karin rajaz, wadda ta fito a 2019 bayan rasuwarsa, ta bi yadda nauyin gaɓa ke zama tsawon amo a bakin masu rerawa.

Amsa ta biyu tana wurin harshe. Dogon wasali da gajere a tsakiyar kalma ba a tsawo kaɗai suka bambanta ba. Gajeren yana matsowa tsakiyar baki. Wasalin farko na "gari" bai kai na "gaari" sauka ba. Gajerun /i/ da /u/ kuwa suna kusantar juna har su yi musanya, shi ya sa muke da biki da buki, ba wanda ya yi kuskure. Saboda haka ko da waƙa ta ɗan ja gajeren wasali, matsayin harshe yana iya riƙe shaidar cewa gajere ne, muddin mawaƙi bai wage muƙamuƙi ya saukar da harshe har ƙasa ba. Da zarar ya yi haka, gari ya koma abin tuƙa tuwo. A nan dokar "a wage baki" ta fi yin ɓarna, domin tana shafe shaidar ƙarshe da ta rage.

Akwai wani abu da nake hasashe, ban auna shi ba tukuna, ina kuma fatan wani daga cikinmu zai riga ni. Hausa da kanta tana karkatar da /e/ da /o/ zuwa /a/ idan suka faɗa cikin rufaffiyar gaɓa. Muna rubuta "ragon" da "keken", amma da yawanmu "ragwan" da "kekyan" muke furtawa. Wasalin ya tafi, amma ya bar sawunsa a kan baƙin da ya gabace shi: leɓantawa a wurin /o/, ganɗantawa a wurin /e/. Ke nan kunnen Bahaushe ya saba tun yarinta da gano wasali daga baƙi. In haka ne, zabiyar da murya ta tilasta wa buɗe /o/ za ta fi tsira bayan /k/ da /g/ da /ƙ/, inda kewayar leɓɓa ke fara bayyana tun a kan baƙin, fiye da bayan /t/ ko /d/. Haka kuma /c/ da /sh/ da /j/ a kalmomi irin su "sace" da "ƙasashe" da "gaje" suna sanar da wasalin gaba tun bai iso ba. "Fito" ba ta da irin wannan mataimaki, dole wasalin ya tsaya da ƙafarsa.

Saiwa da tsini

Mafi yawan abin da ke lalata murya yana faruwa ne a sashen harshe da madubi ba ya nunawa. Saiwar harshe tana manne da wani ɗan ƙashi mai siffar takalmin doki a saman wuya, maƙwallato kuma a jikin wannan ƙashi yake rataye. Idan saiwa ta ƙage, sai ta danne maƙwallato ko ta hana shi sakewa, murya ta fito a shaƙe, mai ita ya gaji da wuri. Abin takaici, mai yin haka yakan ji muryarsa ta yi kauri da daɗi a cikin kansa, alhali na waje yana jin ta a toshe.

A wasu harsunan Afirka ta Yamma saiwar nan ma'ana take ɗauka. A Akan ta Gana da Ibo ta Najeriya wasula sun kasu gida biyu gwargwadon ko saiwa ta matso gaba ko ba ta matso ba. Ladefoged ya nuna haka da hoton ƙashi a 1964, John Stewart kuma ya ba abin suna a 1967. Hausa ba ta rarrabe kalmomi da wannan, don haka mawaƙinmu yana da ƴancin sarrafa saiwa domin launin murya kawai. Amma kunnuwanmu sun san aikinta ta wata hanya. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi an gyara masa fatahar da ke bin haruffa masu kauri irin su sadi da ɗa da ƙaf, an ce ya cika baki da ita, an kuma hana shi kaurara ta bayan sin ko ta. Abin da ake nema a gare shi shi ne ya ɗaga doron harshe ya ja shi baya, F2 ya sauka. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ba kuma ina haɗa su ba. Abin lura shi ne malaman nan sun ƙarni da yawa suna koyar da yadda ake jan wasali har tsawon haraka shida ba tare da launinsa ya gurɓata ba, wanda kuma ya sami wannan horo ya riga ya san cewa riƙe wasali aikin harshe ne, ba na muƙamuƙi ba.

Tsinin harshe kuwa ba shi da babban aiki a wasali. Yawancin malaman murya na yau, irin su Richard Miller a littafinsa na 1986, suna son ya huta a bayan haƙoran ƙasa, ya tashi ya bugi baƙi ya komo da sauri, jikin harshe kuma a bar shi ya ɗauki siffar kowane wasali. A Hausa wannan saurin komowa yana da muhimmanci, saboda /r/ iri biyu da /ɗ/ da /ts/ da baƙaƙe masu ɓaure irin na "gidajje" ko "babba" suna yawan kiran tsini ko leɓɓa aiki. In tsini ya makara a sama bayan /ɗ/ ko /r/, wasalin da ke biye zai fito da laka a jikinsa. Tagwan wasali ma yana da tasa matsala. A kan dogon amo, "kai" ko "yau" tilas a zaɓi sashen da za a ja. Wanda ya yi saurin tafiya ga /i/ ko /u/ ya jefa kansa cikin wasalin da ya fi wuya a sama. Wanda ya zauna a kan /a/ ya rufe a ƙarshe ya huta.

Lasifika da situdiyo sun sauƙaƙa wani ɓangare na wannan duka. Mai waƙa a gaban makirfo ba ya buƙatar ratsa kalangu da ƙarfin bututunsa, saboda haka ba shi da uzurin sadaukar da wasali. Na'urar gyaran murya tana daidaita uwar amo, amma ba ta mayar da harshen da ya kauce wurinsa. In kuma aka ɗaga murya da na'ura ba tare da an kiyaye forman ba, sai su hau tare da ita, babba ya koma kamar yaro, abin da muke ji a wasu waƙoƙin da ke yawo a salula.

Gwaji a ɗaki

Ba a buƙatar ɗakin bincike domin a fara. A yi raɗa da /i e a o u/ a jere. Tun da maƙwallato ba ya kaɗawa, abin da kunne zai ji yana sauka daga /i/ zuwa /u/ shi ne F2 tsirara. Sannan a sa ɗan yatsa tsakanin haƙora domin muƙamuƙi ya tsaya wuri ɗaya, a rera wasulan biyar a kan amo guda. Za a tarar duka suna fita, shaidar cewa harshe da leɓɓa sun isa. A ɗora babban yatsa a tattausan wurin da ke ƙarƙashin haɓa, a rera "fita, fito" ana hawa mataki-mataki. Inda wurin ya taurare kamar dutse, saiwa ta fara ƙagewa. Inda abokin da ke saurare, ba tare da yana kallon bakin ba, ya kasa faɗin wace kalma ce, nan ne iyakar wasalin a wannan murya, kuma ya kamata a rubuta amon da abin ya faru a kansa.

Wanda yake da kwamfuta ya ɗauki muryar ya buɗe ta a Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kyauta ce. A sa iyakar forman a 5000 ga namiji, 5500 ga mace. A yi hattara da jajayen ɗigon da manhajar ke zanawa: idan uwar amo ta haura wajen 350, sukan bar forman su bi ƴaƴan amo, su ba da alƙaluma masu kyan gani waɗanda ba su da alaƙa da inda harshe yake. Ga muryar zabiya, gara a fara da gwajin kunne, a yanko gaɓar ƙarshe ita kaɗai, a kunna wa mutum goma da ba su san waƙar ba, kowa ya rubuta wasalin da ya ji, sannan a sake kunna musu ita tare da baƙin da ya gabace ta.